Cikin Fari Nauyi Ne Na Mutum Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, akwai wani al'amari da ya kamata malamai da fatake su duba, shi ne sha'anin cikin fari.

Al'ada ta raba aiki. Miji ya tanadi ragon suna, da goro, da itacen wanka. Mace ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu can, ta yi wankan jego. Wannan rabo ba shi da aibu. Aibun yana ga kunyar ɗan fari, wadda kan hana miji da mata su zauna su yi shawara. Sai falke ya tafi Kurmi sarin goro, ko malami ya fita ci-rani da almajirai, bai bar izinin zuwa asibiti ba, bai bar kuɗin mota ba. Naƙuda ta taso da tsakar dare, yarinya ta ɓoye don kunya, da aka gane kuma tsofaffi su ce a jira maigida. Doguwar naƙuda kuwa ita ke kawo yoyon fitsari, ko rasuwar jariri, ko ta uwa.

Shari'a ba ta ce a yi shiru ba. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafi bisa uba, ta ambaci shayarwa shekara 2, ta rataya yaye kafin cikarsu bisa yardar juna da shawara. In yaye yana bukatar shawara, ina ga haihuwa, wadda ake saka rai biyu a cikinta?

Saboda haka wajibi ne miji ya ba da izini tun kafin ya ɗaura kaya, gaban surukansa, ya ajiye kuɗi, ya shirya da mai mota. Ya kula da awo, domin a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na farko cikin mako 12 na fari. Ita kuma matar, kada ta ɓoye zubar jini, ko kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani. Bayan an sauka lafiya, ba ƙasƙanci ba ne uba ya riƙe ɗansa uwa ta samu barci, gama an ruwaito Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, yana hidimar iyalinsa cikin gida.

Malamai su faɗi wannan a wurin ɗaurin aure da majalisin karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.