Me Ya Sa Masu Ƙera Injin Gem Ba Sa Zama da Uban Ɗaki Ɗaya?

Yau zan ɗan kauce daga batun haya da zaman baƙunta da muka saba, in taɓo wani abu da za a ga kamar na yara ne, amma cikinsa ciniki ne tsantsa. Ina nufin manyan akwatunan gem ɗin nan da ake jefa wa kuɗi ko a goga kati kafin a buga, waɗanda akan gani a manyan kantunan zamani na Legas da Fatakwal, wasu da sitiyari da kujera, wasu da bindigar roba. A cikin kowane akwati akwai allon lantarki, a kan allon kuma akwai ɗan cif guda wanda aikinsa kawai zana hoton da ake gani. Kamfanonin da ke ƙera gem ɗin, irin su Sega da Namco da Taito na ƙasar Japan, galibi ba su suke ƙera wannan cif ɗin ba, sayowa suke yi. Kuma duk wanda ya bi tarihinsu zai ga ba sa daɗewa da mai sayar musu guda.

Masu sha'awar harkar sukan ce ai duk wanda hotonsa ya fi kyau shi ake bi. Ni ban yarda ba. A ganina kyawun hoto shi ne na ƙarshe a lissafi, kuma ina ganin kamfanonin nan suna da gaskiya da suke sauya sheƙa, ko da yake abin ya jawo musu wata asara da zan zo kanta.

Mu ɗauki Sega, don ita ta fi kowa yawo. A farkon shekarun 1990 an gama yaƙin cacar baka, gwamnatin Amurka ta rage kuɗin da take kashewa kan kayan soja, kamfanonin da ke ƙera na'urorin koyon tuƙin jirgin yaƙi suka shiga neman kasuwa. Sega ta ƙulla hulɗa da sashen sararin samaniya na kamfanin General Electric, wanda aka sayar wa Martin Marietta a 1993, shi kuma ya haɗe da Lockheed a 1995. Da fasaharsu aka yi allon Model 2 da ya ɗauki gem ɗin tseren motan nan Daytona USA, sannan Model 3 a 1996 da ya ɗauki Virtua Fighter 3. Namco ma haka ta yi, ta je wurin Evans & Sutherland, su ma masu na'urar koyon tuƙin jirgi, ta fito da Ridge Racer a 1993. A wannan zamanin babu wata kwamfutar gida da ke iya zana abin da waɗannan akwatuna ke zanawa. Idan kyau ake nema, an kai ƙarshe.

To amma a 1998 sai Sega ta ajiye Lockheed Martin gefe, ta fito da allon NAOMI, wanda ba komai ba ne illa kayan cikin na'urarta ta gida Dreamcast da aka ninka wa ma'adanar aiki. Cif ɗin zanen kuma PowerVR ne, wani kamfanin Ingila mai suna VideoLogic ya tsara, NEC ta Japan ke ƙerawa. Me ya kawo haka? Tsada. Mai karatu ya tuna cewa ba yaron da ke buga gem ne ke sayen akwatin ba, mai shago ne. Shi kuwa lissafinsa ɗaya ne: wata nawa akwatin nan zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa, alhali kuɗin bugu ɗaya a Japan ya daɗe a kan yen 100 bai motsa ba? Allon da ake ƙera 'yan dubbai da kayan da aka tsara don soja ba zai taɓa yin arahar wanda ake ƙera miliyoyi don gidaje ba. Da NAOMI ta zo da sauƙi, sai ga har abokan hamayya irin su Capcom suna saye suna ɗora nasu gem a kai, Marvel vs. Capcom 2 na shekarar 2000 a kansa ya fito. Shi kuwa Real3D, reshen da Lockheed Martin ta kafa don wannan sana'a, an rufe shi a 1999, Intel ta kwashe abin da ya saura.

Akwai kuma dalili na biyu da ke tafe da na farko. Idan kayan cikin akwatin shago iri ɗaya ne da na na'urar gida, mayar da gem ɗin zuwa faifan da za a sayar wa mutane a gidajensu ba ya cin lokaci. Namco ta gane wannan sosai. Ta gina allonta System 11 a kan kayan PlayStation, Tekken ya fito a shaguna a ƙarshen 1994, kafin rabin 1995 ya shiga gidaje a Japan. Kuɗin gaske a faifan yake. Daga nan Namco ta yi ta bin Sony, Tekken 4 a kan kayan PlayStation 2, Tekken 6 na 2007 a kan na PlayStation 3. Wato a wannan tsari ba ma mai gem ne ke zaɓar mai cif ba. Duk wanda mai na'urar gida ya zaɓa, shi ka zaɓa, ko kana so ko ba ka so.

Labarin yadda aka zaɓi PowerVR ɗin ma abin saurare ne, musamman gare mu 'yan kasuwa. Sega ta sa rukunin injiniyoyi biyu su yi gasa, ɗaya a Amurka yana aiki da cif ɗin kamfanin 3dfx, ɗaya a Japan yana aiki da na NEC. A lokacin 3dfx ne zakaran gwajin dafi, cif ɗinsa Voodoo ne ke cikin San Francisco Rush na Atari Games da NFL Blitz na Midway. A 1997, da 3dfx za ta sayar da hannun jari ga jama'a, sai ta bayyana yarjejeniyarta da Sega a cikin takardun da ta miƙa wa hukuma, alhali Sega na ɓoye shirin nata. Ba a jima ba Sega ta ɗauki NEC. 3dfx ta kai Sega da NEC kotu, aka sasanta a waje a 1998. Har gobe ana gardama kan ko tona asirin ne ya jawo, ko kuwa dai manyan Japan sun fi natsuwa da ɗan gida wanda suka san inda yake kwana. Ni dai na fi karkata ga na biyun, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya taɓa aika mota da kaya daga Kano zuwa Mile 12 ya san dalilin da ya sa ake neman maigidan da aka sani ko da la'adarsa ta ɗan fi. Abin dariyar shi ne ɗan gidan ma bai fitar da su kunya ba gaba ɗaya: da aka ƙaddamar da Dreamcast a Japan a Nuwamban 1998, NEC ta kasa samar da cif isasshe, na'urar ta yi ƙaranci a kasuwa daidai lokacin da ake rububinta.

Sai dai a duba abin da ya faru bayan nan. A Disamban 2000 3dfx ta sayar da kadarorinta ga Nvidia, ta bi Real3D. Da a ce Sega ta ɗaura dukkan akwatunanta a wuyanta fa? Wannan shi ne dalili na uku, kuma a wurina shi ne babba. Akwatin gem ba wayar hannu ba ce da za a jefar bayan shekara biyu. Yana iya shekara goma a shago yana aiki daga safe zuwa dare cikin zafi da ƙura, kuma abin da ya fi saurin ƙonewa shi ne abin da ya fi ɗaukar zafi, wato ɓangaren zane. Su kuwa masu ƙera cif kusan kowace shekara suna da sabon samfuri, tsohon su daina. Masu gyara a Computer Village na Ikeja sun san wannan ciwon, na'ura lafiya lau amma a rasa ɗan abu guda da aka daina yi. Don haka mai ƙera gem, kafin ya tambayi ƙarfin cif, yana tambayar shekara nawa za a ci gaba da kawo masa shi, kuma kamfanin zai kai lokacin da rai?

Da Sega ta daina ƙera Dreamcast a 2001, ba ta da sauran na'urar gida da za ta jingina da ita, sai ta raba ƙafa. A 2002 ta haɗu da Nintendo da Namco suka yi allon Triforce a kan kayan GameCube, mai cif ɗin ATI. A shekarar dai ta yi Chihiro a kan kayan Xbox, mai cif ɗin Nvidia, wanda ya ɗauki OutRun 2. Ga NAOMI kuma ba ta mutu ba. Masu cif uku a lokaci guda a gida ɗaya! Kuma ko a nan ba a tsira ba, domin Microsoft da Nvidia sun yi rigima kan farashin cif ɗin Xbox har ta kai ga masu sasanci a 2002, a 2005 aka daina ƙera shi, Microsoft ta koma wurin ATI don Xbox 360. Rigimar da ba ka ciki ta kashe maka allo.

Shi ya sa ban yi mamakin abin da ya biyo baya ba. Taito ta fito da Type X a 2004, kwamfuta ce kawai irin ta ofis mai Windows, da katin zane na ATI. A Type X2, wanda ya ɗauki Street Fighter IV a 2008, sai ga katin Nvidia. Sega ta yi Lindbergh a 2005, Pentium 4 da katin GeForce da babbar manhajar Linux. A 2009 ta fitar da allo biyu tare, RingEdge mai tsada da katin Nvidia, RingWide mai araha da katin AMD, wadda ta saye ATI a 2006. Tun daga nan sauya mai cif ya zama kamar sauya taya, a cire kati a sa wani, a ɗan gyara manhaja.

Wani ɗan ratse da ba zan iya wucewa ba. Nvidia ɗin nan da kowa ke rusuna wa yau, Sega ce ta taɓa ceto ta. A tsakiyar shekarun 1990 Sega ta ba ta kwangilar cif, aikin ya ƙi, domin hanyar zanen da Nvidia ta bi ta saɓa wa wadda sauran duniya ta ɗauka. Shugabanta Jensen Huang ya sha ba da labarin da bakinsa, cewa ya je ya gaya wa Shoichiro Irimajiri na Sega gaskiya, su nemi wani, amma ya roƙi kada a bar su haka. Sega ta zuba dala miliyan 5, da su Nvidia ta rayu har ta fitar da RIVA 128 a 1997. An rabu a kan ciniki ba a rabu da mutunci ba, bayan 'yan shekaru kuma aka sake haɗuwa a Chihiro da Lindbergh.

Yanzu ga asarar da na ce zan zo kanta, don kada a ce na yi wa kamfanonin nan kara. Ranar da akwatin shago ya koma kwamfutar da kowa zai iya haɗawa, ranar ya rasa abin da ke fitar da mutum daga gida. A 1994 dole ka je shago in kana son ganin Daytona. Yau abin da ke ɗakin yaro ya kai na shagon ko ya fi. Mu a nan ma shaida ne, gidajen gem na unguwanninmu daga Agege har Sabon Ibadan talabijin ne da PlayStation da benci da janareto, ba wanda zai sayi akwatin miliyoyi don gem ɗaya tak. Akwatunan da suka rage suna rayuwa ne da abin da ba a iya kaiwa gida, kujera mai girgiza, dandalin rawa, ganga, ko injin cafko 'yar tsana. Ita kanta Sega ta sayar da mafi yawan harkar shagunanta na Japan ga kamfanin Genda a 2020, ta sallama ragowar a 2022, aka sauke sunanta daga kan gine-ginen aka sa GiGO. Masu cewa sauya sheƙar ce ta kashe kasuwar suna da abin kamawa. Amsata gare su ita ce, da an nace wa kayan soja masu tsada, da masu shago sun daina saye tun kafin shekarar 2000, mutuwar ta zo da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne inda aka tsaya yanzu. A da akwai Real3D, da 3dfx, da Evans & Sutherland, da NEC, da ATI, mai saye na da inda zai juya ya taya. Yau manyan masu katin zane Nvidia ce da AMD, sai Intel da ke biye daga nesa. Kuma hankalin babbar cikinsu ya bar wasa. A shekarar kuɗinta da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ta samu kusan dala biliyan 130, sama da biliyan 115 daga cibiyoyin tara bayanai da ƙirƙirarriyar basira, ɓangaren gem gaba ɗayansa, har da na kwamfutocin gida, kusan biliyan 11. Mai ƙera akwatin shago da ke neman kati dubu biyar ko goma, kuma yana son a yi masa alkawarin kawowa shekara bakwai, ko a cikin biliyan 11 ɗin ba a ganinsa. Kamfanin da a 1997 masu cif ke kai ƙara kotu don ya ƙi sayen kayansu, yau shi ke bin layi a bayan masu sayen dubu ɗari a tashi ɗaya.