Wa'azi da Haƙurin Zama da Juna

Akwai wata magana da ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin ma'aikata a ofisoshi da malamai a makarantu, wadda muke ganin lokaci ya yi da za mu sa baki a cikinta. Waɗansu suna cewa wai Kirista ba za su iya zama lafiya da masu wani addini ba, tun da yake sun gaskata babu tsira sai ta hanyar Yesu Almasihu, kuma sun ɗauki kiran mutane zuwa ga wannan hanya wajibi a kansu. Waɗansu kuwa, musamman cikin masu ilmin zamani, suna cewa maganin abin shi ne kowa ya yarda addinai duka ɗaya ne, a bar wa'azi ɗungum. Mu dai a ganinmu dukansu biyu sun kauce.

Gaskiya ne Kirista haka suka riƙe. Abin yana cikin Linjilar Yohanna sura ta 14, umurnin yin wa'azi ga dukan al'ummai kuwa yana ƙarshen Linjilar Matta. Amma ai Musulmi ma sun riƙe cewa Musulunci shi ne addinin da Allah ke karɓa, kamar yadda ya zo cikin Suratu Ali Imrana, kuma kira zuwa gare shi aikin lada ne. Saboda haka wanda ya ce da Kirista ko Musulmi ya bar wannan imani don a zauna lafiya, ya ce da shi ya bar addininsa ke nan, kome daɗin bakin da ya faɗa da shi. Mai bi na gaskiya ba zai karɓi wannan ba, zaman lafiyar da aka gina a kansa kuwa ginin toka ne.

To, ina matsalar take? Tarihin ƙasar nan ya isa ya nuna mana. A shekarar 1903, da Gwamna Lugga ya shiga Sakkwato, ya yi alkawari cewa Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba, don haka aka daɗe ana taƙaita aikin 'yan Mishan a ƙasashen sarakuna. Duk da haka Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, har aka mai da Mishan ɗinsa Wusasa a 1929, kuma yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito a 1932. Mutumin nan bai taɓa ɓoye abin da ya kawo shi ba. Amma daga hannun wannan Mishan ne Arewa ta sami likitanta na farko, Dokta Dikko, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya zama likitan Sardauna, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Firimiya Musulmi ya miƙa lafiyar jikinsa hannun Kirista, kowannensu kuwa yana kan imaninsa.

Inda abin ya ɓaci shi ne inda aka haɗa kira da bukatar mutum. Ba mai musun alherin da Mishan suka yi a asibitocin kutare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, ko a asibitin ido na Kano. Sai dai mara lafiyar da ke jiran magani, da yaron da ke neman gurbi a makaranta, ba su da bakin cewa a'a. In aka yi musu wa'azi a wannan hali, wuya ne a rarrabe yarda da tsoro. Wannan zato ne ya sa iyaye da yawa suka ƙi ba da 'ya'yansu boko, har Arewa ta yi asarar da ba ta gama biya ba. Haka kuma lokacin da Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa tsakanin 1963 da 1965, Kirista da masu addinin gargajiya da yawa sun ji tsoro, domin mai kiran shi ne mai riƙe da mulki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk wa'azin da ya jingina da iko, ko na wane ne, yakan haifi zargi.

Dokar ƙasa ta gane haka tun da wuri. Bayan rahoton Hukumar Wilink na 1958 kan fargabar ƙananan ƙabilu, aka sa 'yancin addini cikin Tsarin Mulkin 1960. A Tsarin Mulkin 1999, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa, da canza shi, da yaɗa shi. Amma sashen nan dai ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadarsa, in ba nasa ba ne ko wanda iyayensa suka yarda da shi. Watau doka ta buɗe wa mai wa'azi ƙofar kasuwa da dandali, ta rufe masa ƙofar aji.

Saura batun harshe. A watan Maris na 1987, wani taron wa'azi na ɗalibai Kirista a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ya jawo gardama kan yadda aka ambaci Alkur'ani da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kafin a ankara wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka, aka ƙone majami'u masu yawa da waɗansu masallatai. Abin takaici, a gidan da ake horon masu tarbiyyar yara ne abin ya tashi. Magana zarar bunu ce. Mai wa'azi yana iya bayyana kyawun abin da ya gaskata ba tare da ya taɓa abin da maƙwabcinsa ke girmamawa ba. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 3, ta hori Kirista su ba da amsa cikin tawali'u da ladabi. Suratul Ankabuti ta hori Musulmi kada su yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Suratul Baƙara kuma ta hana tilasta wa mutum addini. Amma mu faɗa a fili: kome zafin maganar da aka faɗa, ba ta halatta wa kowa ƙona gini ko zub da jini. Akwai alƙali, akwai hukuma.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da ma'aikatanmu, domin su ne ke riƙe da ɗan ikon da talaka ke gani kullum. Malami, Kirista ne ko Musulmi, ya bar wa'azinsa a bakin ƙofar makaranta. Kada maki, ko shugabancin aji, ko gurbin ɗakin kwana su danganta da sunan yaro. Shugaban makaranta ya tabbata kowane ɗalibi ya sami mai koya masa addininsa, da wurin ibadarsa, ko da su uku ne tak. Akawu kuma, in takardar neman filin majami'a ko ta masallaci ta zo teburinsa, ya tafiyar da ita yadda zai tafiyar da ta mutanen addininsa, kada ta kwana cikin fayil shekara da shekaru. In an tashi daga aiki, kowa yana da damar kiran abokinsa, abokin kuma yana da damar cewa ya gode, gobe su gaisa kamar jiya.

Masu tarihi sun tabbatar cewa da tsanani ya yi wa Musulmin farko yawa a Makka, wurin Najjashi, sarkin Habasha, Kirista, suka sami mafaka, bai kuwa nemi su bar addininsu kafin ya ba su ba. Irin wannan halin muke so ɗalibanmu su gani a wurin malamansu. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, amma saɓanin imani hukuncinsa yana wurin Allah. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu adalci, amin.