Jagorancin Sababbin 'Yan Kasuwa

Jagorancin sabon ɗan kasuwa shi ne wani gogagge ya tsaya masa tsawon lokaci, yana duba lissafinsa, yana nuna masa inda riba take zurarewa, yana kuma gabatar da shi ga masu ba da kaya. Wannan daban yake da bitar kwana uku da ake raba takardar shaida a watse.

A kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Kurmi, aikin ya daɗe a hannun ubangida. Yaro kan fara da shara da aike da ɗaukar kaya, sannan a riƙa bar masa kanti, daga baya a tura shi sari. A cikin shekarun nan yake koyon abin da babu littafin da ya ƙunsa: wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, lokacin da ake karya farashi don kada kaya su yi kwantai, da yadda ake raba uwar kuɗi da riba. Idan amana ta tabbata, sai ubangida ya sallame shi da jari, kuma sunan ubangidan ne ke sa manyan diloli su ba shi kaya bashi. Babban raunin tsarin shi ne rashin rubutacciyar yarjejeniya, abin da ke sa wasu yaran tsufa a bakin kanti ba a sallame su ba, kuma wannan zalunci ne.

A shekarar 2015 Gidauniyar Tony Elumelu ta ƙaddamar da nata shirin, da alƙawarin dala miliyan 100 domin 'yan kasuwa 10,000 daga ƙasashen Afirka 54 cikin shekara goma. Wanda aka zaɓa yakan samu horo ta intanet da jagora, sai ya tsara kasuwancinsa a rubuce kafin a ba shi jarin dala 5,000. A nan ma kuɗi ne ke zuwa ƙarshe, kuma hakan daidai ne.

Sai dai jagoran da ke bayan waya ba ya ganin kanti, abin da aka faɗa masa kawai yake aiki da shi. Mai ƙuli-ƙuli ko mai ɗinki da ke sana'a a cikin gida, ba intanet ba Turanci, har yanzu ƙungiyar adashe da 'yan uwanta masu sana'a ne kaɗai madogararta wajen shawara.