Rabon tallafin soja a duniya: Me ya sa kason Sahel da Tafkin Cadi bai taka kara ya karya ba?

A daren 27 ga watan Oktoba na 2024, mayaƙan Boko Haram sun afka wa sansanin sojan Cadi da ke Barkaram a yankin Tafkin Cadi, inda suka kashe sojoji kimanin 40. Kwanaki kaɗan bayan harin, shugaba Mahamat Idriss Déby ya yi barazanar janye ƙasarsa daga rundunar haɗin gwiwa ta FMM, yana ƙorafin cewa ƙawayen Cadi ba sa haɗa ƙarfi yadda ya kamata. Mahaifinsa ma ya yi irin wannan kuka a 2020, bayan harin Bohoma da ya ci rayukan sojoji kusan 100.

A cikin wannan shekara ta 2024, a watan Afrilu, majalisar dokokin Amurka ta amince da dala miliyar 95 a dunƙule, wato miliyan dubu 95, kuma kimanin miliyar 61 daga ciki na Yukren ne. Rahoton shekara-shekara na cibiyar IEP kan ta'addanci kuwa ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a duniya a 2024, a Sahel aka kashe su. Ke nan yankin da ya fi kowane binne gawa yana can ƙasan jerin masu samun tallafi, kuma hakan yana da dalilai.

Yadda Amurka ke raba nata

Babban asusun da Amurka ke bai wa ƙasashe kuɗin sayen makamai, wanda ake kira FMF, yana samun kimanin dala miliyar 6 a kowace shekara. Isra'ila na karɓar miliyar 3 da miliyan 300 daga ciki, ban da miliyan 500 na kariya daga makamai masu linzami, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016 ta dala miliyar 38 cikin shekaru goma. Masar na karɓar miliyar 1 da miliyan 300, kuɗin da ya samo asali daga sulhun da ta yi da Isra'ila a 1979. Ƙasashen biyu kaɗai suna kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na asusun. Idan aka cire kason Jodan, abin da ya rage shi ake gutsura wa sauran duniya.

Afirka ta kudu da Sahara ta fi samun horar da sojoji, motoci, kayan sadarwa da bayanan leƙen asiri ta wasu ƙananan shirye-shirye. Manyan makamai kuwa saye ake yi. Jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da suka isa Najeriya a 2021, ƙasar ta biya kusan dala miliyan 500 a kansu, bayan shekaru ana ja-in-ja kan batun take haƙƙin ɗan Adam. Sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas ya ci sama da dala miliyan 100, amma Amurka ta gina shi ne don aikin kanta, kuma ta fice daga Nijar baki ɗaya a watan Satumba na 2024.

Asusun Turai ya sauya alƙibla

Tun 2004 Tarayyar Turai ke da asusun da ta keɓe wa zaman lafiya a Afirka, wanda ya daɗe yana biyan alawus ɗin sojojin Tarayyar Afirka a Somaliya. A watan Maris na 2021 aka narkar da shi cikin sabon asusu na duniya baki ɗaya, mai kimanin yuro miliyar 5 na shekaru bakwai. Ba a cika shekara guda ba Rasha ta mamaye Yukren. Cikin ƴan kwanaki Turai ta amince da yuro miliyan 500 na kayan yaƙi ga Yukren, daga baya aka faɗaɗa asusun zuwa kimanin miliyar 17, aka ware wa Yukren kimanin miliyar 11.

A kwatanta da rundunar G5 Sahel, wadda Mali, Nijar, Burkina Faso, Cadi da Muritaniya suka kafa a 2017 da sojoji 5,000. A taron birnin Brussels na watan Fabrairun 2018, dukkan masu ba da tallafi sun yi alƙawarin yuro miliyan 414, kuma kuɗin ya riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan, wani ma sai labari. Shugabannin ƙasashen biyar sun yi ta neman Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba rundunar kuɗi na dindindin daga aljihun majalisar, Amurka ta ƙi. Mali ta fice a 2022, Nijar da Burkina Faso suka bi sahu a watan Disamba na 2023.

Rundunar FMM ma haka ta faro. An ƙiyasta tana buƙatar kimanin dala miliyan 700, amma taron neman gudummawa na Addis Ababa a farkon 2016 ya tara alƙawarin kimanin miliyan 250, kuma babban kaso daga Najeriya ya fito. Sojojin da ke Mora, Baga-Sola, Monguno da Difa sun ci gaba da dogara da baitulmalin ƙasashensu. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da janyewarta daga rundunar.

Dalilan da ke ƙarƙashin rabon

Mai ba da tallafin soja yana fara duba tsaron kansa ne kafin ya dubi yawan gawarwakin wani. Yukren tana maƙwabtaka da ƙasashen ƙungiyar tsaro ta OTAN, Masar na riƙe da mashigin ruwa na Suez da iyaka da Gaza, Isra'ila kuma na da doka a Amurka tun 2008 da ta wajabta kiyaye fifikonta na soja a kan maƙwabta. Harin da aka kai a Fotokol ko Bosso ba ya motsa farashin mai a kasuwar duniya, ba ya kuma canza ƙuri'a a Washington. Ko lokacin da Turai ta fi nuna damuwa da Sahel, bayan 2015, batun baƙin haure masu ratsa Agadas zuwa Libiya na kan gaba a lissafinta.

Dalili na biyu na kasuwanci ne. Yawancin kuɗin FMF ba ya barin Amurka, domin a kamfanoninta ake sayen makaman. Ƙasar da ke buƙatar jiragen F-35 ko na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami tana samar wa waɗannan kamfanoni aikin shekaru. Rundunar da buƙatarta ita ce motar sulke, jirgin ruwan sintiri, man fetur da asibitin tafi-da-gidanka ba ta da masu yi mata kamun ƙafa a majalisa.

Dalili na uku shi ne sharuɗɗan da ake sa wa wasu a ɗage wa wasu. Dokar Amurka ta hana tallafa wa gwamnatin da ta hau mulki ta juyin mulkin soja. An yi aiki da ita a kan Mali, Gini, Burkina Faso, da kuma Nijar a watan Oktoba na 2023. Amma da sojojin Masar suka kifar da Mohamed Morsi a 2013, gwamnatin Obama ta ƙi kiran lamarin juyin mulki, haka ma ba a yi amfani da dokar kan Cadi ba lokacin da majalisar soja ta karɓi iko a 2021. A 2019 Amurka ta yanke wa Kamaru tallafin tsaro na kimanin dala miliyan 17 kan zargin cin zarafin fararen hula. Masar, wadda ita ma ke shan irin wannan zargi, an taɓa riƙe mata wani ɗan kaso, amma a 2024 an sakar mata kuɗinta cif. Da Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙetare a watan Janairun 2025, ya tsame kuɗin sojan Isra'ila da na Masar.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kare wannan rabo suna da abin faɗa. Yaƙin Yukren tsakanin ƙasa da ƙasa ne, ana harba dubban harsasan igwa a rana, kuma makami ɗaya na kare sararin sama na iya cin miliyoyin dala. Yaƙi da mahara a kan babura ba ya cin kuɗi haka. Suna kuma tunatar da cewa Faransa ta girke sojoji har sama da 5,000 a rundunar Barkhane, tana kashe ɗaruruwan miliyoyin yuro a shekara, ta kuma rasa sojoji fiye da 50. Sai dai wannan kuɗi ya tafi ne kan sojojin Faransa da kayan aikinsu, shi ya sa da suka tattara suka bar Mali a 2022, Nijar a 2023 da Cadi a farkon 2025, jiragensu suka tafi tare da su.

Hujja mafi nauyi ita ce ta almundahana. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron Nijar a 2020 ya gano kimanin sefa miliyar 76 da suka salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, kuma labarin ya fito ne jim kaɗan bayan an kashe sojoji 71 a Inates da 89 a Chinagodar. A Najeriya, tun 2015 ake shari'ar zargin karkatar da kimanin dala miliyar 2 na sayen makamai. Afganistan kuma ta nuna cewa yawan kuɗi ba ya gina runduna: Amurka ta kashe sama da dala miliyar 80 kan jami'an tsaron ƙasar, suka watse cikin makonni a 2021. To amma wannan misali kansa ya tabbatar da cewa cin hanci bai taɓa hana tallafi zuwa inda mai bayarwa ke da muradi ba.

Wanda ke biyan giɓin

Da tallafin Yamma ya ja baya, gwamnatocin yankin sun koma cefane. Nijar, Mali, Burkina Faso da Togo sun sayi jirage marasa matuƙi na Bayraktar daga Turkiyya. Mali ta ɗauko mayaƙan Wagner a ƙarshen 2021, waɗanda Amurka ta ce ana biyansu dala miliyan 10 a wata, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da wasu baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a Moura a watan Maris na 2022. Duk waɗannan ciniki ne, kuma daga aljihun talaka kuɗin ke fita. Burkina Faso da Nijar sun kafa asusun tallafa wa yaƙi a 2023, inda ake cirar wani abu har daga kuɗin kiran waya. Kowace sefa da ta tafi kan harsashi an rage ta ne daga makaranta ko asibiti.

Ga Hausawa mazauna kan iyakoki, waɗanda akasari fatake ne, mahauta, direbobi da masu sana'ar hannu, lamarin ya shafi abincin yau da gobe. Rundunar da ba ta da jirgin sintiri ko isassun bayanan sirri, abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta rufe kasuwa, ta hana hawa babur, ta kafa shinge a hanya. Haka aka yi a Difa daga 2015, lokacin da aka haramta kamun kifi da cinikin tattasai don toshe wa Boko Haram hanyar kuɗi, aka kuma toshe ta dubban iyalai. Kasuwancin Banki da Amchide, da na Gamboru da Fotokol, ya durƙushe na tsawon shekaru. A ƙauyukan arewa mai nisa ta Kamaru, ƴan banga masu kwari da baka da bindigar gargajiya ne ke kwana gadi. Inda hukuma ta kasa tantance mai laifi kuwa, baƙo ake fara zargi, kuma ɗan zango yakan zama baƙo ko da a garin aka haifi kakansa. Yanzu wutar ta gangara arewacin Benin da Togo, inda Benin ta rasa sojoji 54 a hare-haren watan Afrilun 2025, kuma hanyoyin Malanville da Cinkassé na cikin waɗanda fatake ke bi zuwa gaɓar teku.

Abin da za a sa wa ido

A watan Disamba na 2023 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya buɗe ƙofar biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin rundunonin Tarayyar Afirka daga asusun Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwajin farko shi ne sabuwar rundunar Somaliya a 2025, kuma Amurka ta ƙi amincewa. Turai na ƙara kasafin tsaron kanta, don haka da wuya kason Afirka ya ƙaru nan kusa.

Wannan ya bar wa ƙasashen yankin abin da ke hannunsu. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma gatarin sai an tsare shi daga ɓarayin gida. Hakan na nufin majalisun dokoki da masu binciken kuɗi su samu damar duba kwangilolin makamai, sojan da ke bakin daga ya samu alawus ɗinsa a kan kari, sannan ƙasashen AES da na CEDEAO da na Tafkin Cadi su ci gaba da musayar bayanai ko da shugabanninsu ba sa ga maciji. Ƙawancen AES ya sanar a farkon 2025 cewa zai kafa rundunar sojoji 5,000, adadi ɗaya da na G5 Sahel. Tambayar da ta kashe waccan rundunar tana nan tana jiran wannan: wa zai riƙa biyan kuɗin man mota da abincin soja a shekara ta biyu da ta uku?