SHARHI: Ajiyar Bayanan Kamfani Aikin Shugabanni Ne

A ranar 27 ga watan Yuni na shekarar 2017, kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda hedkwatarsa ke birnin Kwapanhagan na ƙasar Denmak, ya ga kwamfutocinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ofisoshinsa na duniya baki ɗaya. Wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ce ta shiga ta cikin wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren mai suna M.E.Doc, wadda aka ɗora a kan wata kwamfuta a ofishin kamfanin da ke birnin Odesa. Kafin a ankara ta bazu ko'ina. Tashoshin jiragen ruwa 17 daga cikin 76 da kamfanin ke gudanarwa suka tsaya cik, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin ƙofofi, babu mai iya cewa ga abin da ke cikin wannan kwantena ko ga inda waccan ta nufa.

'Yan kasuwar da ke shigo da kaya ta Apapa sun san wannan kamfani sarai, domin reshensa na APM Terminals ne ke riƙe da tashar kwantenoni ta can. Amma abin da ya kamata su sani game da wannan lamari shi ne yadda kamfanin ya tsira. Akwai wasu manyan kwamfutoci kimanin 150 da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga kowane sashe na aikin kamfanin, waɗanda idan babu su ba abin da zai tashi. An tsara su ne yadda kowace za ta riƙa kwafar 'yar'uwarta, bisa tunanin cewa in ɗaya ta lalace sauran suna nan. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za a iya share su duka a lokaci guda, alhali kuwa abin da ya faru ke nan. Guda ɗaya tak ta tsira, a wani ofishin kamfanin da ke Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wutar lantarki kafin harin, na'urar ta mutu, ba ta tare da sauran sa'ad da annobar ta iso. Kamar yadda mujallar Wired ta bayar da labari a shekarar 2018, da hannu aka ɗauko faifan ajiyar wannan na'ura daga Gana, aka miƙa wa wani ma'aikaci a filin jirgin sama a Nijeriya, shi kuma ya tashi da shi zuwa Ingila inda ake aikin farfaɗo da kamfanin.

Wato dai ɗaukewar wuta, wadda kowane mai masana'anta a wannan yanki ke tsine wa dare da rana, ita ce ta yi wa babban kamfanin aikin da shugabanninsa ba su yi ba. Shugaban kwamitin daraktocinsa na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya shaida wa taron tattalin arziki na Dabos a watan Janairun 2018 cewa sai da suka sake ɗora manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana goma, kuma hasarar ta kai tsakanin dalar Amurka miliyan 250 zuwa miliyan 300. Rahoton na Wired ya ƙara da wani bayani wanda ya fi kowane ban takaici: tun a shekarar 2016 ma'aikatan sashen kwamfuta suka nemi a yi wa tsarin tsaron garambawul, an amince, an ware kuɗi, amma ba a aiwatar ba, domin aikin ba ya cikin ma'aunin da ake duba ƙwazon manyan jami'ai da shi wajen ba su ladan ƙarshen shekara.

A nan ne maganar take. Shekaru da dama ana ɗaukar tsaron kwamfuta a matsayin sha'anin wani matashi mai zama a ƙuryar ofis, wanda ake kira in na'urar buga takardu ta ƙi aiki. Manajan Darakta ya san kuɗin da ke kowane asusu, ya san ranar da inshorar sito za ta ƙare, ya san sunan maigadin dare, amma a tambaye shi inda kwafin littattafan cinikin kamfaninsa yake, da ranar ƙarshe da aka gwada ko kwafin yana buɗuwa, sai ya ce a kira yaron kwamfuta. Alhali yawan kwafin da za a ajiye, da wurin da za a ajiye shi, da kuɗin da za a kashe, da yawan kwanakin da kamfani zai iya jurewa a rufe, duk hukunci ne na mai dukiya. Ma'aikacin fasaha shawara kawai yake bayarwa, ba shi ke sa hannu a kasafin kuɗi ba.

Masu kutse sun daɗe da gane muhimmancin kwafin ajiya fiye da yadda masu kamfanoni suka gane. Salon da ya fi yawa a 'yan shekarun nan shi ne su shiga a ɓoye, su yi kwanaki ko makonni suna leƙe-leƙe, su nemo inda kwafin yake su lalata shi tukuna, su kwashi abin da za su kwasa, sa'an nan su kulle sauran bayanan su nemi kuɗin fansa. Kwafin da ke haɗe da hanyar sadarwar kamfani, wanda kalmar sirri ɗaya ke buɗe shi tare da komai, bai bambanta da littafin bashin da ɗan kasuwa ya kwafe ya ajiye a ƙarƙashin teburin shagonsa ba. Duk wanda ya ga bayan gobarar kasuwa ya san cewa wani lokaci ƙonewar littafin ta fi ƙonewar kaya ciwo, domin kaya ana sake saro su, amma wanda ake bi ba kasafai yake kawo kansa ba.

Kuma biyan fansa ba ya raba gardama. A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai gabashin Amurka, ya biya dala miliyan 4.4, amma duk da haka bututun ya yi kusan mako guda a rufe, kuma rahotanni sun nuna cewa mabuɗin da ɓarayin suka bayar yana da nawa ƙwarai, har sai da kamfanin ya haɗa da kwafinsa na ajiya wajen tayar da aiki. A watan Fabrairun 2024 kuma aka afka wa Change Healthcare, reshen kamfanin UnitedHealth mai sarrafa takardun biyan kuɗin asibitoci, aka biya dala miliyan 22, amma bayanan mutane kimanin miliyan 190 sun riga sun fita. A duka biyun ƙofa iri ɗaya aka bi: kalmar sirri da ta faɗa hannun ɓarayi, a wata mashigar da ba a sa mata tantancewa ta biyu ba, irin lambar nan da banki ke turo wa mutum ta waya kafin ya fitar da kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin lura shi ne, da Majalisar Dattawan Amurka ta tashi bin bahasi, shugabannin kamfanonin ta kira, Joseph Blount da Andrew Witty, su suka zauna a gaban 'yan majalisa suna amsa tambayoyi a kan kalmar sirri.

Ba ɓarawo kaɗai ke cinye bayanai ba. A ranar 26 ga watan Satumba na shekarar 2025 batir ya kama da wuta a cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, ayyukan gwamnati na intanet fiye da 600 suka tsaya. An farfaɗo da akasarinsu daga kwafi, amma wani rumbu mai suna G-Drive, inda ma'aikatan gwamnati ke adana takardun aikinsu, wanda ke ɗauke da terabait 858, ba shi da kwafi a wani wuri, bisa dalilin cewa ya yi girma da yawa. Wannan ƙasa ce da ke cikin na gaba-gaba a duniya a fannin fasaha. Ba ƙwararru ta rasa ba, hukunci ne aka yanke na barin rumbun ba kwafi.

Akwai masu ganin cewa duk wannan ya ƙare tunda kamfanoni sun koma ajiya a rumbunan haya na intanet, irin na Amazon da Microsoft da Google. Haƙiƙa waɗannan rumbuna sun fi ɗakin kwamfutar yawancin kamfanoni tsaro nesa ba kusa ba. Sai dai yarjejeniyar da ake sa wa hannu ta raba nauyi biyu: mai rumbu yana tsare gini da na'urori, mai haya kuma shi ke da alhakin bayanansa da mabuɗansa. In ma'aikaci ya share, ko ɓarawo ya shigo da kalmar sirri ta gaskiya ya share, na'ura za ta bi umarni ne kawai. Ga kamfanonin Nijeriya kuma akwai ƙarin matsaloli biyu. A ranar 14 ga watan Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni da dama suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, bayanansu suna nan lafiya a Turai amma hannu bai kai gare su ba. Sa'an nan kuɗin hayar da dala ake lissafa shi, ga shi dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Idan akanta ya zauna neman inda zai rage kashe kuɗi, kwafi na biyu, wanda ba ya kawo ko kwabo, shi ne farkon abin da idonsa zai faɗa a kai. In ba shugaba ne ya hana ba, yankewa za a yi.

Hukumomi a Nijeriya sun riga sun ɗora nauyin inda ya dace. Tsarin tsaron intanet da Babban Bankin Nijeriya ya fitar wa bankuna a 2018, ya kuma sabunta a 2024, ya ɗora alhakin kula da lamarin a wuyan kwamitin daraktoci, ya kuma wajabta naɗa babban jami'in tsaron bayanai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kamfani awa 72 ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa idan aka yi masa kutsen da ka iya cutar da mutanen da bayanansu ke hannunsa, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar ba ta tsaya ga bankuna ba. Asibiti mai zaman kansa, da makaranta, da kamfanin sufuri, da dillalin da ke riƙe da lambobin waya da asusun abokan cinikinsa, duk ta shafe su.

Masu ƙananan kamfanoni za su ce wannan hidima ce ta masu hannu da shuni, su ana fama da kuɗin dizal da haraji iri-iri. Kukan nasu yana da tushe, kuma hayaniyar da ta tashi a watan Mayun 2024, sa'ad da aka yi yunƙurin cire harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari daga kuɗin da ake turawa ta banki har gwamnati ta dakatar da shi, ta nuna cewa jama'a sun gaji da a caje su da sunan tsaro. Amma abin da ya ceci Maersk ba wata na'ura mai tsada ba ce, kwafi ne guda ɗaya da ba ya haɗe da komai. Tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a riƙe kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini dabam. Abin da aka ƙara a yanzu shi ne ɗaya ya kasance a cire yake daga hanyar sadarwa, ko kuma a kulle shi yadda ba mai iya sharewa ko sauya shi har zuwa wani wa'adi, ko da kuwa shugaban sashen ne. Saboda haka ne manyan kamfanoni ba su yar da kaset ɗin ajiya ba har yau, duk da an sha yi masa jana'iza. Ga mai shago ko ƙaramar masana'anta, faifan ajiya biyu da ake musanyawa duk mako, ɗaya yana kwana a wani gida, sun wadatar a matsayin mafari. Ga matsakaitan kamfanoni kuwa akwai cibiyoyin ajiya na cikin gida, irin su Rack Centre a Legas, inda za a iya ajiye kwafi na biyu ba tare da an dogara ga wayar teku ba.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne gwaji. Kamfanoni da yawa suna kwafa kullum, na'ura tana nuna alamar an gama, amma ba a taɓa ɗaukar kwafin an tayar da aiki da shi daga farko ba, sai ranar da masifa ta auku a tarar ko dai fanko ne, ko kuma mabuɗin buɗe shi yana cikin kwamfutar da aka kulle. Ya kamata kwamitin daraktoci, ko mai kamfani in shi kaɗai ne, ya ware rana aƙalla sau biyu a shekara, a ɗauka cewa komai ya tafi, a sa agogo, a ga awa nawa za a ɗauka kafin a iya fitar da rasit, a biya albashi, a san wanda ake bi da wanda ke bin kamfani. Adadin awannin da aka samu a rubuta shi cikin rahoton taron daraktoci kusa da ribar wata uku, a kuma sa shi cikin ma'aunin da ake duba ƙwazon Manajan Darakta da shi kafin a ba shi ladan ƙarshen shekara.