Aikin gidan da ake ba 'yan firamare: karatu ne ko kwafe-kwafe?

Jama'a, yau ina so mu yi magana a kan abin da kusan kowane gida mai ɗan makaranta a Funtua da Malumfashi ke fama da shi bayan sallar Magariba, amma mun ƙi ɗaukarsa a matsayin matsala. Ina nufin aikin gidan da ake ba 'yan firamare, musamman a darasin kimiyya da na zamantakewa, wanda yaran ke kira Soshiyal. Ra'ayina a taƙaice shi ne, yawancin abin da ake aiko yaranmu da shi ba ya ƙara musu komai. Aljihun uba da bokon uwa kawai yake aunawa. Sannan yana koya wa yaro tun yana aji uku cewa ilimi shi ne ka kwafo abin da ba ka gane ba, ka miƙa, a ba ka maki.

Duk mai ɗa a firamare ya buɗe jakarsa yau da dare ya duba. Za ka tarar an ce ya kawo ma'anar fotosintesis, ya lissafa nau'o'in ƙasa guda uku, ya faɗi ma'anar al'ada, ya kawo amfanin sufuri guda biyar. Duka da Turanci, ga yaron da har yanzu sai ya yi da gaske yake haɗa baƙi a harshensa. To wa ke yin aikin? Yayarsa da ke sakandare, ko uwa idan ta yi boko, ko uba ya ɗauko waya ya tambayi Google ya karanto masa. Yanzu ma an samu manhajojin da ke rubuto amsar gaba ɗaya. Da safe malam ya ja jan biro ya rubuta goma bisa goma. Malam ya san ba yaron ya yi ba, uba ya sani, yaron ma ya sani. Mu uku mun haɗu mun yi wa juna ƙarya, sai mu dawo bayan shekara goma muna kukan satar jarrabawa a WAEC da NECO. A ina muke zaton suka koya?

Wanda kuma iyayensa ba su yi boko ba, ba wayar intanet a gidan, ba wuta, shi ne zai je da littafi babu komai a ciki, a zane shi ko a sa shi tsallen kwaɗo. Laifinsa ɗaya, ubansa manomi ne. Kar ku manta yaron nan da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya, da dare wani yana makarantar allo. Idan mace ce ga wanke-wanke da ɗebo ruwa, wata har da talla.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne inda ake yin wannan abu. Wallahi da wuya ka samu wurin da ya fi wannan yanki namu sauƙin koyar da kimiyyar firamare. Daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Kafur, Malumfashi, Dandume, masara ce, dawa ce, auduga ce, waken suya, tumatir, rake. Yaron da ake tilasta wa haddar nau'o'in ƙasa da Turanci, tun yana shekara bakwai ya san bambancin jigawa da laka da fadama, don ya taka su da ƙafarsa. Me zai hana a ce ya samo gwangwanin tumatir uku, ya huda gindinsu, ya cika kowanne da irin ƙasarsa, ya zuba ruwa daidai wa daida, ya ga wanne ya fara tsiyayewa? Gobe ya zo aji ya faɗi abin da ya gani, malam ya ɗora masa da dalilin da ya sa shinkafa ke son fadama, gero kuma ya fi jure jigawa. Ko sisi ba za a kashe ba, kuma ba mai iya yi masa a waya.

Ga wake. A ce ya shuka ƙwaya a gwangwani uku: ɗaya a rana ana ba shi ruwa, ɗaya a rana ba ruwa, ɗaya a ƙarƙashin gado ana ba shi ruwa. Cikin kwana goma zai ga na ƙarƙashin gado ya yi dogo, ya yi fari, ya langaɓe. A ranar ya gane amfanin hasken rana ga tsiro fiye da wanda ya haddace ma'anar fotosintesis sau ɗari. A ce ya tambayi babansa me ya sa ake haɗa wake da dawa a gona ɗaya, sannan ya tuge gindin wake ya ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar. A cikinsu ne wasu ƙananan halittu ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. A ce ya tono wuta-wuta ya ga yadda ta manne da saiwar dawa tana tsotse ta. A ce ya taɓa ruwan randa da na jarka da tsakar rana, ya zo da dalilin da ya sa na randa ya fi sanyi. A ce ya leƙa tsohuwar taya ko fasasshen tulu da ruwan sama ya kwanta a ciki, ya ga 'yan tsutsotsin da ke zama sauro, ya kifar da ruwan. Wannan kaɗai ya haɗa darasin kimiyya da rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016, babu manomin yankin nan da bai san ɓarnarta ba. Masu bincike a cibiyar IAR da ke Samaru, nan kusa da mu a Zariya, aikinsu kenan: su duba, su gwada, su rubuta abin da suka gani. Ta yaya ɗan Kafur zai zama ɗaya daga cikinsu idan ba a taɓa ce masa ya buɗe zuciyar masara ya duba da idonsa ba?

A darasin zamantakewa ma abin ya fi ban takaici. Tara 'yan aji shida a Funtua ka tambaye su daga ina kogin Sakkwato ya taso. Nan kusa da garinsu ne mafarinsa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya je ya faɗa Neja. Nawa ne a cikinsu aka taɓa gaya wa? Akwai yaran da ke kwana suna tashi a unguwar BCGA, ba su san haruffan nan sunan ƙungiyar Turawan Ingila masu harkar auduga ba ne, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta zo ta kafa injin gurzar auduga a nan. Ba su san me ya sa layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtua ba. Ba su san me ya sa ake ce wa hakimin Funtua Sarkin Maska, na Malumfashi kuma Galadiman Katsina ba. Ba su san cewa a tsakiyar shekarun 1970 Funtua na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gwambe, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya ba. Ba su san iyayensu da yawa a tsohuwar Jihar Kaduna aka haife su ba, don sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Amma kowannensu zai iya rero maka ma'anar al'ada da Turanci kamar aku.

Alhali tsofaffin da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu suna zaune a zaurukanmu. Aikin gida na gaskiya shi ne a ce wa yaro: je ka tambayi kakanka yadda ake kai auduga kasuwa a zamaninsa. Tambayi kakarka yadda ake gayya da yadda ake adashi. Bi buhun masara ɗaya daga gonarku zuwa kasuwar Dandume, hannu nawa ya ratsa, wa ya ci me? Rubuto sunan mai unguwarku da dagacinku da kansilanku, da aikin kowannensu. A irin wannan aikin ɗan manomi ne ke gaba da ɗan ma'aikaci, uban da bai yi boko ba kuma ya zama malami a gidansa, maimakon ya riƙa jin kunyar littafin ɗansa.

Na san za a ce matsalar harshe ce, kuma gaskiya ne. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarunsa na farko. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa abin zuwa shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci tun daga tushe, bisa hujjar faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san nisan da ke tsakanin takardar da aka sa wa hannu a Abuja da allon aji a ƙauye. Yaron da yake firamare a 2022 bai ma kai ga zana WAEC ba, ta yaya tsarin ya kayar da shi? Kuma ina littattafan kimiyya na Hausa da aka raba, ina malaman da aka horar a kai? Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada wannan a Ile-Ife, suka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Ba wanda ya ce kar a koyi Turanci. A koyar da shi da kyau, kullum. Amma yaro ya fara gane me ya sa tsiro ke bin rana da harshen da yake tunani da shi, sunan abin da Turanci ya biyo baya.

Ga iyaye irina kuma, mu ma da namu. Mu ne muke zuwa wajen hedimasta muna ƙorafin ba a ba yaranmu aikin gida da yawa, kamar yawan shafi shi ne yawan ilimi. Wasu makarantun kuɗi sun gano lagonmu, kowane zango sai an sayar mana da littafin aiki da ake rubutu a cikinsa, yadda ƙane ba zai gaji na wa ba. Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka ya shafe shekaru yana tattara binciken da aka yi a kan aikin gida, kuma abin da ya samu shi ne amfaninsa ya fi fitowa a sakandare, a firamare kuwa alaƙarsa da ƙoƙarin yaro 'yar kaɗan ce. Ƙasar Sin, da duk tsananin gasar karatunta, a 2021 ta hana ba 'yan aji ɗaya da biyu rubutaccen aikin gida, ta kuma taƙaita na aji uku zuwa shida kada ya wuce awa ɗaya. Mu kuma muna loda wa ɗan nazare jakar da ta fi ƙarfin bayansa.

Malamai za su ce ban san halin da suke ciki ba. Na sani. Aji mai yara ɗari ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na cikin gari, albashin kuma kowa ya san yadda yake ƙarewa kafin tsakiyar wata. Amma ai wannan hujja ce a gare ni. Malamin da ba zai iya duba littafi ɗari a dare ɗaya ba, zai iya tsayar da yara biyar su nuna gwangwanayensu a gaban aji cikin minti goma sha biyar, sauran su yi musu tambaya. Wasu za su ce batun tsaro fa? A Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara ba mai hankalin da zai tura yaro gonar daji don aikin makaranta, kuma ba mu manta abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 ba. Shi ya sa kusan duk abin da na lissafa a tsakar gida ake yinsa: randa, gwangwani, tsohuwar taya, kaka a ɗakinta. Yaron da aka raba da ƙauyensu yake gudun hijira a cikin gari ma, ya fi kowa buƙatar a ce ya rubuta sunan garinsu da tarihinsa kafin ya manta.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Hukumar SUBEB ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su fitar da takarda ɗaya: daga aji ɗaya zuwa uku a daina aikin gida na kwafe, daga aji huɗu zuwa shida aikin kimiyya da na zamantakewa ya zama abin da yaro zai gani, ko ya gwada, ko ya tambayo, sau ɗaya a mako. A bar yaro ya yi bayaninsa da Hausa idan Turancin ya ƙi, malam ya ba shi kalmomin Turancin daga baya. A daina dukan yaro a kan aikin da ya fi ƙarfin gidansu. Kwalejojin horar da malamai, irin ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da ta tarayya da ke Katsina, su tabbata duk wanda suka yaye ya iya koyar da darasi goma da kayan tsakar gida. Masu sa ido idan sun je makaranta su daina ƙirga shafukan da aka cika, su ɗaga yaro ɗaya su tambaye shi me ya gane.

Mu kuma iyaye, a taron PTA na gaba mu tada maganar. Kuma daga yau, idan yaro ya kawo aikin da bai gane ba, kar mu yi masa. Mu rubuta wa malam a ƙasan shafin cewa bai gane ba, a sake yi masa bayani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malaman firamare da ke cikin abokaina a nan, ina son jin ta bakinku, musamman waɗanda ke koyarwa a ƙauyuka. Idan akwai wanda yake irin wannan aikin da ɗalibansa, ya faɗa mana yadda yake yi, wasu su ɗauka. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu.