Batir Shi Ne Ran Na'urar Nuna Hanya

Da an kawar da amfanin gona, sai tafiye-tafiyen daji su taso. Malaman gona da na dabbobi sukan bi burtali suna auna shi, malaman daji su zaga iyakar gandu, masu neman zuma kuwa su kwana uku ko huɗu ba su ga gari ba. Yanzu da yawansu suna sha'awar sayen 'yar na'urar nan ta hannu da ake kira GPS, mai nuna wa mutum inda yake. Abin kirki ne ƙwarai, sai dai akasari ana zaɓen mai ƙyalƙyali, a manta da abin da ya fi muhimmanci, watau batir.

Ga yadda take aiki. Sojojin Amurka ne suka harba taurarin ɗan'adam, tsarin ya kammala a 1995. Taurarin ba su kasa 24 ba, suna can sama wajen kilomita 20,000, kowanne yana zaga duniya sau biyu a kwana ɗaya. Na'urar sauraronsu kawai take yi, in ta ji huɗu sai ta lissafa inda take. Tun shekarar 2000, da Amurka ta bar rage ingancin saƙon da gangan, kuskurenta a sarari bai wuce 'yan mitoci ba. Ba ruwanta da layin waya, ba a kuma biyan ko kwabo. Amma da batir ya mutu, ba ta da bambanci da dutse a aljihu.

Saboda haka mai tafiya mai nisa ya nemi wadda ke cin ƙananan batura masu lamba AA, irin na tocila da rediyo, waɗanda ake samu a kowace kasuwar ƙauye. Akwai wata ta kamfanin Garmin mai suna eTrex 10, batir biyu sukan kai ta wajen awa 25. In mutum yana tafiyar awa 8 a yini, kwana uku ke nan, batir shida kuwa sun ishe shi mako guda har da saura. Gaskiya ne akwai waɗanda ake cajinsu da lantarki, suna kuwa daɗewa. To, amma ran da suka ƙare a tsakiyar dajin Falgore, ina za a sami wuta?

Wani zai ce ai wayarsa ma tana yin wannan aiki. Haka ne, don auna gonar bayan gari ta isa. Amma fuskarta tana shan batir, zafin rana yana sumar da ita, faɗuwa ɗaya kuma ta fashe. Lalle ne a zaɓi mai maɓallai, domin wadda ake shafawa da yatsa takan ƙi ji in hannu ya jiƙe da gumi. A duba kuma ko an rubuta mata IPX7, watau za ta jure rabin awa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya.

Sa'an nan a sani, irin wannan na'ura ba ta kiran taimako. Masu aika saƙo ta tauraro dabam suke, suna da tsada, ana kuma biyan kuɗin wata. Har ila yau ba ta san rijiyar da ta ƙafe ba, ba ta san inda ɓarayi suke ba. Kafin a tashi, a sa mata alamar gari, a riƙa sa ta kowace mashaya da aka wuce, a kuma rubuta lambobin a takarda. A gaya wa mai gari inda aka nufa da ranar komowa, a ɗauki ɗan ƙasa wanda ya san dajin. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya sa a je lafiya, a komo lafiya.